Tukunyar Ranar Alhamis

Lahadi, bayan La'asar

A littattafan da nake karantawa kowace yarinya tana da ranar da rayuwarta ta juya, kuma marubuciya ba ta ɓoye ranar, tun a shafin farko take faɗa. Da za a tambayi dangin mijina tawa ranar, ranar asibiti za su ce. Ita ba zan rubuta ta ba. Wadda zan rubuta ita ce ranar da Abdulwahid ya dawo daga aiki ya tarar da ni kwance a falo, labule a sake, fitila a kashe, ya ajiye tsohuwar wayarsa kusa da fuskata ya ce, "Tashi, Bashira, ga aiki na kawo miki."

A gidan kifaye na Kornish, titin bakin tekun Jidda, yake aiki, inda mutane suke zuwa kallon abin da ke cikin teku ta bayan gilashi. Shi ɓangarensa ba na kifi ba ne. Na halittun da ba su da ƙashi a jiki ne: ƙaguwa, jatan lande, tauraron teku, da wasu farare masu kama da lema da suke shawagi ba kai ba ido. A wayar, kyamarar da ke rufin zauren ce take nuna wani babban tanki da kawunan mutanen da suka tsaya a gabansa. A kusurwar tankin wani abu ya naɗe kamar jiƙaƙƙen tsumma. Sai tsumman ya buɗe ido.

"Mene ne wannan?"

"Akhtabut."

Na gwada faɗa, sunan ya maƙale min a wuya. Ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin abin.

"Halas, shi ke nan, ya 'yar Damagaram, kira ta yadda kika ga dama."

Na ƙirga hannuwanta, takwas ne. Takwas nake kiranta.

Ya ce kamfaninsu ya ɗauko wata likita, Dakta Mashael, ta bincika ko halittun nan suna zaune lafiya ko wahala suke sha. Duk Alhamis da safe take zuwa. Sauran kwanakin masu kula ne za su riƙa dubawa suna ba ta labari, shi kuma tankuna sun yi masa yawa. Nawa aikin in duba Takwas bayan Azahar, bayan La'asar da bayan Magariba, in tura masa saƙon murya: tana ina, me take yi, wane launi ta yi, ta ci ko ba ta ci ba. Shi zai mayar da shi Larabci.

Na san Umma ce, mahaifiyarsa, ta ce ya samo min abin da zai ɗauke min hankali. Ban nuna na sani ba.

Litinin, bayan Azahar

Yawo take yi. Daga wannan bango zuwa wancan, ta taɓa gilashi, ta juyo. Launinta fari-fari, kamar kunun gyada. An jefa mata jatan lande, ba ta kula ba.

Na tura. Ya amsa da hoton babban yatsa.

Talata, bayan Magariba

Na tambaye shi yadda za a yi mutum ya san ko irin wannan halitta tana jin daɗi. Akuya in tana ciwo kunnenta ya faɗi, kaza ta takure, jaki ya yi kuka. Wannan ba fuska, ba murya.

Ya ce tambayar da likitar ta yi musu ke nan ranar farko. Ita ta ce dabbar da ba ta kuka sai ka duba abin da take zaɓa in an ba ta zaɓi. In ta bar abinci, in ta daina wasa, in tana maimaita abu ɗaya kamar wadda aka ɗaure wa hankali, to magana take yi.

"To Takwas me take cewa?"

"Tana cewa tana da kuzari. Ba ki ga ba ta zama ba?"

Na ji daɗi. Na tashi na dafa masa shayi da na'ana'a, na farko da na dafa da hannuna tun bayan abin.

Laraba, hantsi

Gidan nan na unguwar Safa shiru gare shi kamar cikin rijiya. Ƙarar na'urar sanyi ce kawai, sai lif in ya tsaya. Shekara guda ina nan ban san fuskar matar da ke ƙofar da ke kallon tamu ba, takalman 'ya'yanta kawai na sani.

Lokacin da aka ce a Jidda zan zauna, na gama tsara komai a kaina: taga mai kallon teku, miji mai riƙe hannuna a bakin ruwa, iska tana kaɗa mayafi. Tagarmu bayan wani babban kanti take kallo, inda motoci ke sauke kwalayen madara.

Na buɗe littafin da na fara a waya, na karanta shafi biyu. Yarinyar ta suma, saurayin ya ɗauke ta. Na rufe na koma kallon Takwas, ko da lokacin dubawa bai yi ba.

Juma'a, bayan La'asar

Umma ta zo daga unguwar Sharafiyya da tsoffin maƙwabtanta na Karantina, unguwarsu da aka rushe, sun zo duba ni. Mata shida a falo, kowacce da ledar lemo. Suka zauna suka sa ni a tsakiya.

"Kin rame, ya binti, 'yata."

"Ai da ƙuruciyarta, Allah zai kawo mai albarka."

"Ni sau uku, kuma ga su nan yanzu sun cika min gida."

Mutanen kirki ne, na sani. Na amsa da amin har bakina ya bushe. Da na shiga banɗaki na rufe ƙofa, sai na ji ba na son fitowa. Na zauna a bakin baho har Umma ta ƙwanƙwasa.

Asabar

Yawo. Fara. Ba ta ci ba.

Lahadi, bayan Azahar

Ban san da wane suna zan kira mijina ba. Watanni ina ce masa Abu Khalil, wato baban Khalil, don abokansa tun da suka ji ina da ciki suka laƙaba masa, haka ake yi a nan, ba a jira. Yanzu in ina son magana sai in matsa kusa da shi in fara kawai. A takardar nan kaɗai nake faɗar sunansa.

Talata, bayan La'asar

Na ga wani abu. Takwas tana tattara ƙananan duwatsun ƙasan tanki da hannuwanta, ɗaya bayan ɗaya, tana jera su a kusurwa. Ta yi 'yar katanga da ba ta kai tsayin tafin hannu ba, ta kwanta a bayanta. Rabin jikinta a waje. Yara suna buga gilashi, ina ganin hannuwansu ko da ba na jin ƙara.

Da yamma mai shara ya sa dogon sanda ya baje duwatsun, don ƙasan ya yi kyau.

Na faɗa a saƙo. Babban yatsa.

Alhamis, da sassafe

Barci ya ƙi komawa bayan Asuba, sai na kunna wayar. Ban taɓa dubawa ranar Alhamis da safe ba.

Akwai tukunya a tankin. Tukunyar ƙasa, ja, mai ƙaramin baki, a kwance a gefenta. Na nemi Takwas ban gan ta ba. Can sai na ga ido ɗaya a bakin tukunyar. Ta shige duka. Ta jawo wani dutse ta toshe rabin ƙofar. Ɗan abin da nake gani na jikinta ba fari ba ne, ja ne mai duhu, launin tukunyar sak. Ashe haka launinta yake.

Na yi ta murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa kyauta. Na ce Abdulwahid ya ji maganar duwatsun, ya samo mata ɗaki.

Da hantsi wata mata ta zo, farar riga a kan baƙar abaya, gilashi a ido. Ta durƙusa a gaban tankin, ba ta buga ba, ba ta haska fitila ba. Ta daɗe. Abdulwahid yana tsaye a bayanta, da wani mai farar jallabiya da babban ciki. Da aka sa ƙaguwa, hannu ɗaya ya fito daga tukunyar a hankali ya ja ta ciki. Ta ci. A gabana ta ci.

Alhamis, bayan Azahar

Ba zan tura saƙo yau ba.

Juma'a, hantsi

Bari in rubuta, ko zan samu in daina gani.

Bayan likitar ta tafi, kafin a buɗe wa mutane ƙofa, wani hannu ya shigo tankin ta sama. Ya kama tukunyar ya ɗaga. Takwas ba ta fito ba. Ya girgiza. Ya juya bakin ƙasa ya sake girgizawa. Ta riƙe da hannuwa biyu, ya ɓanɓare su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da ta faɗo sai ta fesa wani baƙin abu kamar tawada, ruwan ya yi duhu. Da ya washe, tana kusurwa, fara fat. Babu tukunya.

Kyamarar ba ta nuna fuskar mai hannun. Akwai dogon tabo daga wuyan hannun zuwa kusa da gwiwa. Kwanon rufi ne ya yanke shi, ranar da suke kwashe kayan Umma daga Karantina kafin motocin rusau su iso. Ni na sha shafa wa tabon nan mai.

Asabar, bayan Magariba

Ya ce in shirya ya fitar da ni in sha iska, na kwana biyu ban taka ƙasa ba. Gidan kifayen ya kai ni. Ina jin so yake ya faranta min.

Wurin ya cika. Fitilu shuɗaye, ƙamshin gugguru, yara suna gudu. Akwai wani ƙaramin tafki da ake barin yara su ɗauki tauraron teku su juya shi su mayar. Wani yaro ya ɗaga ɗaya sama yana nuna wa babansa har ruwan jikinsa ya tsane.

Takwas ta fi yadda nake zato ƙanƙanta. Na tsaya a gabanta ina jin kunya, kamar na zo gidan wadda na daɗe ina leƙe ta taga. A saman kanta akwai wani farin ciwo, inda take bugun gilashi in ta juyo. A waya ba ya fitowa.

Mai babban cikin nan ya zo. Shi ne mudir, shugaban wurin, Ustaz Turki. Ya dafa ƙirji ya gaishe ni da fara'a.

"Ahlan, ahlan, ya Umm Khalil."

Ko bai ji ba ne, ko ya manta. Abdulwahid ya kalli ƙasa. Ni na kalli Takwas.

Lahadi, bayan La'asar

Na tambaye shi. Yana cin abinci na ce, "Ina tukunyar take kwana?"

Ya ajiye cokali.

"Wace tukunya?"

"Ta ranar Alhamis."

Ya ce, "Na ce miki bayan Azahar. Wa ya ce ki duba da safe?"

Daga nan ya faɗa min. Da can tukunyar a ciki take kullum. Takwas ta shige ta ƙi fitowa sai an kashe fitilu, don haka Allah ya yi ta, da duhu take yawo. Mutane suka yi ta ƙorafi, sun zo da yara daga nesa sun tarar da tukunya. Ustaz Turki ya ce a cire. Da aka ce likita za ta zo, ya ce a riƙa mayarwa ranar Alhamis da sassafe, in ta tafi a cire.

"To ita likitar me take cewa?"

"Tana cewa mumtaz, wai ya yi kyau ƙwarai. Ya'ani, dabba tana da maɓoya, da safe tana hutawa a ciki, da rana kuma tana fitowa da kanta ta kalli mutane. Ta ce alama ce mai kyau."

"Wa ya ce mata da rana tana fitowa?"

Ba sai ya amsa ba. Ni ce. Kullum sau uku, da muryata. Ban taɓa faɗar abin da ban gani ba, amma da maganata aka gina abin.

"Ciwon kanta fa? Ba ta gani ba?"

"Tana cikin tukunya in ta zo. Likitar ta hana a tilasta mata fitowa."

Na ce to ya gaya mata gaskiya.

"Ya Bashira, ki saurare ni. Hannun wa ke cikin ruwan? Na Turki? In magana ta fito zai ce bai sani ba, Abdulwahid ne. Kamfanin nan su ne kafilina, su suke tsaya min a ƙasar nan. Iƙamata, takardar izinin zamana, wata mai zuwa za a sabunta, taki kuma a jikin tawa take. A Karantina aka haife ni, a nan aka binne babana, amma duk shekara sai wani ya sa min hannu kafin in ci gaba da zama. Damagaram ɗinki a hoto na san ta. Ina zan je in yi me?"

"In ta mutu fa?"

"Masunta za su kawo wata."

Ya ɗauki cokalin, ya sake ajiyewa. Bai ƙarasa abincin ba.

Litinin

Yawo. Fara. Ban tura ba, bai tambaya ba.

Talata, hantsi

Wata mata da ta zo umara daga gida ta aiko min da saƙon Inna, mahaifiyata. Tun watannin baya aka ɗaure kayan, matar ce tafiyarta ta yi ta ɗagawa. Ta cikin ledar na ji ƙamshin yaji da kanwa. A ƙasa akwai wani abu mai laushi, saƙar hannu. Ban buɗe ba. Na kai ƙaramin ɗaki na ajiye tare da sauran kayan jaririn, na ja ƙofar.

Inna ta kira ta ji ko ya iso. Na ce ya iso. Can ta ce an yi ruwa jiya, gero ya yi kyau.

Alhamis, hantsi

Tukunya. Ido ɗaya. Likitar a durƙushe.

Na kashe kafin Azahar.

Juma'a, bayan Azahar

Tukunyar tana nan.

Na goge fuskar wayar da gefen zanina na sake dubawa. Juma'a ce, ga mutane, ga tukunya. Bai cire ba jiya. Ya dawo daga masallaci. Na soya masa kifi yadda Umma take yi. Ya ce gishiri ya yi yawa, ya cinye tas.

A littafi nan ne ake rufe babi.

Lahadi, bayan La'asar

'Yan lakwal suka zo da safe, layi guda da jakunkuna a baya. Suka tsaya gaban tukunya, suka leƙa, suka wuce. Malaminsu ya yi magana da wani. Ba a jima ba na ga Ustaz Turki a gaban tankin, hannu yana sama yana ƙasa, Abdulwahid a tsaye kansa a sunkuye. Kyamarar ba ta da sauti, na gode wa Allah.

Kafin Azahar hannun ya shigo. Wannan karon ta fi riƙewa.

Ya dawo ya ce an ba shi gargaɗi a rubuce, na biyu kora ce. Ya faɗa yana cire takalmi, bai kalle ni ba. Sannan ya ce, "Na gwada. Kin gani da idonki na gwada. Halas."

Litinin, bayan Azahar

Ba ta tara duwatsu yanzu.

Talata, bayan La'asar

Umma ta zo ita kaɗai da kular salig, shinkafar nan da ake dafawa da madara. Ta same ni da wayar a hannu.

"Wannan dodon ne ya hana ki cin abinci? Mu gani."

Ta sa gilashinta ta kalla. Ta ce a'uzubillahi, wannan ai sai a mafarki. Na ba ta labarin tukunyar, duka, har da hannun. Ban san me ya sa ba. Ba ni da wanda zan gaya wa.

Sai ta ce, "Gidanmu na Karantina ɗaki biyu ne, ruwa yana shiga in an yi sama. Yanzu ina gidan 'yata, ga sanyi ga tayil, jikoki suna hawa kaina. Komai akwai. Amma tunda na fito ban rufe ƙofa na ce wannan tawa ce ba. Ƙofar ma shuɗiya ce, babansu ya yi mata fenti." Ta cire gilashin ta goge. "Ki zuba abincin nan tun da zafi."

Na ce mata Alhamis mai zuwa ce zuwan likitar na ƙarshe, daga nan za ta rubuta sakamako ta tafi. Na ce Larabcina bai kai ba, ko za ta raka ni ta fassara.

Ta kalle ni yadda ba ta taɓa kallona ba.

"'Yata, na ji tausayin abin nan, wallahi na ji. Amma ɗana ba ƙaguwa ba ne da za a kawo wani daga teku. Abin da ya same ku ya ishe ku. Ki bar shi ya ci abincinsa."

Ta jira na ci loma biyar a gabanta kafin ta tafi. A bakin ƙofa ta riƙe fuskata da hannu biyu.

Laraba, hantsi

Gaskiyar Umma ce. Na maimaita wa kaina tun safe. Miji ne, mutumin kirki, wanda ya kwana a kujerar asibiti, wanda ya ɗauki abin da aka naɗe a farin ƙyalle shi kaɗai ya tafi da shi don kada in gani. A ɗaya gefen kuma wata aba ce mai santsi da ba ta san ina duniya ba. Abdulwahid ya ce ko an kula da su ba su cika wuce shekara biyu ba.

Na ɗauki littafi. A cikinsu in mace ta tsaya kan gaskiya sai a gano ita 'yar wani attajiri ce, ko mugun ya yi haɗari, komai ya daidaita kafin shafin ƙarshe. Ba wadda iƙamarta take jikin ta wani.

Na ce ba zan kunna wayar ba. Na kunna.

Hannunta ɗaya ya gajarce. Na ɗauka naɗe shi ta yi. Na matso da hoton. Bakinta a ƙarƙashin jikinta yake, ta kai hannun can, tana ci. Jatan lande yana yawo a gabanta ba ta taɓa shi ba. Nata hannun take ci, ga mutane suna ɗaukar hoto.

Gobe da sassafe za a sa mata tukunya ta shige da guntun hannun, likitar ta durƙusa ta ga ido ɗaya, ta rubuta lafiya lau. Wadda masunta za su kawo ma haka, da wadda za ta biyo ta. An ce a duba abin da dabba take zaɓa. Ni kaɗai na zauna na duba.

Laraba, bayan Magariba

Na jira ya yi sallah ya zauna. Na ajiye wayar a gabansa da hoton da na ɗauka. Ya kalla sau ɗaya ya kife ta.

"Na gani tun jiya."

"Gobe zan je in same ta."

"Wa?"

"Ka sani."

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani. Zan ce mata umarni aka ba ka. Zan ce ka bar tukunyar kwana uku aka yi maka gargaɗi."

"Ki ce. Ita ta rubuta ta tafi Riyad, ni in zauna da Turki." Ya murza fuskarsa. "Saboda akhtabut, ya Bashira. In an tambaye ni me ya raba ni da garin da aka haife ni, in ce akhtabut."

Na ce ban sani ba ko saboda ita ce kaɗai. Na ce kowa yana zuwa ya kalle ni ya ce na ji sauƙi tunda ina tashi ina yawo a gida, shi ma haka yake gaya wa Umma. Ban yi niyyar faɗar wannan ba.

Muka zauna. Lif ya tsaya, yaran maƙwabta suka shige da hayaniya, aka rufe ƙofa.

Na ce, "Yaya ake cewa tukunya da Larabci? Irin ta ƙasa."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Na ji ya buɗe ƙofar ƙaramin ɗakin, wadda ba ya taɓawa. Ya daɗe a ciki.

Alhamis, da sassafe

Ya tashi ya yi wanka, ya sa rigar aiki. Na haɗa masa shayi, ya sha a tsaye. Bai ce in fasa ba, bai ce in je ba. Ya ɗauki makulli ya buɗe ƙofa, ya tsaya da bayansa gare ni.

"Jarra," ya ce. "Jarra ake cewa." Sannan ya ƙara da cewa, "Likitar ba ta ƙofar gaba take shiga ba. Ta baya, wajen da ake sauke kifi."

Ya ja ƙofar.

Na kunna wayar. Na jira har hannun ya shigo, mai tabo, ya ajiye tukunyar a hankali, ya juya bakinta wajen bango. Takwas ta ja jiki ta shige.

Na yi ta maimaita kalmomin a gaban madubi. Jarra. Alhamis kawai. Hannunta. Ban iya haɗa su da kyau ba, amma ina da hoton, kuma matar da ta iya durƙusawa haka a gaban tanki za ta iya jiran mai guntun Larabci.

Ban san inda za mu kasance baɗi ba. Ban san ko yau zai ci abincina ba.

Na sa abaya. Motar da na kira tana ƙasa. Zan je in gaya mata.